Taku Goma da Hannu Biyu

"Amarya! Amarya, shayinki ya tafasa har ya kashe wutar!"

Amarya ta zabura daga kan kujerar falo, wayar tana hannunta, ta yi kicin da gudu. Shayi ya malale a kan murhun gas, madara ta kama gindin tukunya, ƙauri ya cika ɗakin. Ta kashe gas ɗin da hannun hagu, don na daman bai saki wayar ba.

Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa da jakar kayan aiki a kafaɗa. Kowa Injiniya yake ce masa, saboda aikinsa haɗa wutar sola ne a kan rufin gidajen mutane. Watansu huɗu da aure, kuma har yanzu bai iya yi mata faɗa ba sai da dariya a ciki.

"Wallahi kwastoma ce ta riƙe ni," in ji ta. Takalma da jakunkuna take sayarwa ta waya, saboda haka kullum akwai kwastomar da za a ɗora wa laifi. "Jakar nan mai sarƙa take tambaya."

"Kwastomar ce ke rawa a bidiyon da nake jin kiɗansa tun daga banɗaki?"

"Kai, Injiniya!"

"Ni dai na san mu uku ne a gidan nan. Ke, da wannan abar, sai ni ɗan haya."

Ta yi dariya, ta sake haɗa masa wani shayin, ta yanka burodi. Da ya kai bakin ƙofa zai fita sai ta ce, "Wayarka fa, tana ina?"

Ya dafa aljihun gaban rigarsa, fara'arsa ta ɗan ragu. Shekara tara yana hawa rufi, kuma tun ranar farko ogan da ya koya masa aiki ya kafa masa doka: waya a akwatin kayan aiki take zama, a ƙasa, domin wanda ke kan tsani hannunsa na tsani ne. Bai taɓa karya dokar ba sai makon da ya wuce, da Amarya ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure don ta tura masa saƙo da safe bai amsa ba sai da la'asar. Don a zauna lafiya ya koma sa wayar a aljihu.

"Tana nan, ranki ya daɗe. Amma in ina sama, ki yi min uzuri."

"Ji shi. Harafi nawa ne 'to'?"

Da hantsi mai labule ta turo mata hotuna biyu, shuɗi da ruwan toka, ta ce a zaɓa yanzu don akwai mai so. Amarya ta tura wa Injiniya. Alamar saƙon ta nuna ya gani. Minti biyar, shiru. Ta tura alamar tambaya. Shiru. Ta kira, har ta katse bai ɗauka ba. Nan take zuciyarta ta hau, yatsunta suka shiga aiki.

"Ka gani ka yi shiru ko?"

"Ga ka nan onlayin, da wa kake hira?"

"In dai ina da daraja a wurinka, ka amsa min yanzu-yanzu."

Sai ta ga alamar nan a saman sikirin: yana rubutu. Ta gyara zama tana murmushin wadda ta ci nasara. Alamar ta daɗe tana motsi, sannan ta ɓace. Saƙo bai shigo ba.

Ba a yi minti goma ba wata baƙuwar lamba ta kira. Dogo ne, abokin aikinsa. "Madam, ki zo asibiti yanzu. Injiniya ya faɗo daga bene na biyu."

*

Ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu, ƙugunsa ya tsage, ƙashin bayansa ya bugu. Sa'a biyar aka yi ana masa aiki, aka sa ƙarfe aka ɗaure. Likita ya tara su a ofis, ya ce ran Injiniya ya tsira, amma maganar tafiya sai abin da hali ya yi, ya danganta da yadda aka kula da shi bayan an sallame shi.

Umma, mahaifiyarsa, ta ce, "Allah ya sa kaffara ne," ta ci gaba da jan carbinta. Yaya kuwa, babbar yayarsa, malamar makaranta ce da ba a yi mata kwana-kwana. Ta karɓi ledar da Dogo ya kawo, mai ɗauke da rigar aikinsa da wayarsa da ta yi kwatsa-kwatsa, ta juya wayar a hannunta.

"Dogo, me ya kai waya sama? Na san shi, a akwati yake barinta."

"Wallahi Yaya, ina ɗaya gefen rufin. Ƙara kawai na ji."

Amarya tana tsaye a jikin bango. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga idon Umma ya kaɗa ya yi ja, ta mayar ta rufe.

Da Injiniya ya farfaɗo, Yaya ta yi masa tambayar a gaban kowa. Ya dubi silin, ya ce, "Ƙafata ce ta zame." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bai kuma dubi inda matarsa take ba. Ko da suka keɓe ta fara, "Injiniya, saƙon nan…" sai ya rufe ido ya ce, "Ba ni ruwa."

Mako shida suka yi a asibiti. Ranar sallama Umma ta ce gidanta za a wuce, don gidan nasu a sama yake, na Umma kuwa a ƙasa, ga doguwar baranda mai santsin siminti. Amarya ta haɗa kayanta ta bi su. Ita ke masa wanka, ita ke juya shi, ita ke wanke zannuwan gado. Ba wanda zai ce ta gaza. Sai dai da ta sami sarari ko na minti ɗaya ne, sai ta duƙufa a kan wayar. Yanzu ba don nishaɗi ba ma. In tana latse-latse ne kawai take manta alamar nan da ta yi motsi ta ɓace.

Gwaggonta, wadda ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarta, kullum sai ta kira.

"Ke 'yar nan, ki buɗe idonki. Shekararki ashirin da uku. Haka za ki ƙare kina ɗaukar fo? Ba ciki, ba goyo, me ya ɗaure ki?"

"Gwaggo, mijina ne fa."

"Na sani, ai ni na kai ki. Shi ya sa nake da bakin cewa ki dawo."

A mako na biyu da dawowarsu likitar gashin ƙashi ta fara zuwa gida. Mace ce gajera mai kaifin murya, kowa Sista yake ce mata. Ta kawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da wani faffaɗan bel mai maɗauki biyu ta baya. Ta ɗaura wa Injiniya bel ɗin a ƙugu, ta ja layi da alli a barandar, ta auna, ta ja wani.

"Daga nan zuwa can taku goma ne. Sau biyu a rana, safe da yamma. Ni sau biyu a mako zan riƙa zuwa, sauran kwanakin aikinku ne. Wa zai riƙe bel?"

Umma ta dubi hannayenta da sanyin ƙashi ya tanƙware yatsunsu. Yaya tana makaranta tun safe har la'asar.

"Ni ce," in ji Amarya.

"To, amarya, ki ji ni da kyau. Wannan ƙafar ba ta sallama kafin ta lanƙwashe. Babu 'ina zuwa', babu 'bari in duba'. Hannu biyu a kan bel, ido biyu a kan gwiwarsa. In ya sake faɗuwa a kan wannan ƙugun, ƙarfen da ke ciki zai iya gocewa, kuma in ya goce…" Ba ta ƙarasa ba. "Kin gane?"

"Na gane, Sista."

"Kuma ku sani, lokaci ba ya jiranmu. Makonnin nan su ne na tashi. In suka wuce yana kwance, naman ƙafar zai shanye, sai dai keken guragu."

Ranar farko taku biyu ya yi, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Rana ta biyar ya yi huɗu. Ya fara dawo da barkwancinsa. "Kin ga ni, da gemu ana koya min tata," in ji shi, har Umma ta yi dariya daga kan tabarmarta. A ranar ce kuma Yaya ta faɗi, kamar ba komai ba, cewa ta kai wayarsa wurin mai gyara, ya ce sikirin ne kawai ya mutu, za a sa sabo. Gaban Amarya ya yanke ya faɗi. Tun daga ranar ko sallamar Yaya ta ji sai ta zaci wayar aka karɓo.

Rana ta tara, da yamma, suna taku na biyar. Wayar Amarya tana aljihun doguwar rigarta. Ta yi ƙugi sau ɗaya. Ta sake yi. Amarya ba ta yanke shawarar komai ba, ba ta ma yi tunani ba. Sabo turken wawa. Hannunta na dama ne kawai ya tafi inda ya saba tafiya sau ɗari a yini, ya zaro wayar, idonta ya sauka a kan sikirin.

A daidai lokacin gwiwarsa ta lanƙwashe.

Bel ɗin ya fizge daga hannunta na hagu. Ƙarfen dogarawa ya kife, Injiniya ya zube a kan siminti da wata ƙara da ba ta taɓa jin ta fito daga bakin namiji ba.

"Innalillahi!" Umma ta yunƙura da rarrafe. "Ɗana! Ɗana!"

Amarya ta durƙusa kansa tana kiran sunan Allah. Sai da ta ga idon Umma ya tsaya a wuri ɗaya sannan ta lura wayar tana hannunta har yanzu, sikirin a kunne. Tallan wani kanti ne ya shigo, wai an yi ragi a kan turare.

*

Allah ya taƙaita, hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ƙarfen bai goce ba. Ƙugun ya kumbura, likita ya ce a huta kwana uku. Suna dawowa gida suka tarar da Yaya a falo a zaune, ko mayafi ba ta cire ba, wayar Injiniya a kan cinyarta da sabon sikirin.

"Ku zauna," in ji ta. "Umma, ki ji abin da ya jefo ɗanki daga bene."

Ta karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da muryar da take karanta sakamakon jarrabawa. Labule shuɗi ko ruwan toka. Da wa kake hira. In dai ina da daraja a wurinka. Sannan ta juya sikirin ga Umma.

"Ga amsar da yake rubutawa, tana nan bai tura ba. 'Ina kan tsani, ki yi haƙu…' Nan ya tsaya. Labule, Umma! A kan labule!"

Amarya ta zame daga kujera ta durƙusa. "Gaskiya ne. Duk gaskiya ne. Na ga yana rubutu, na ga ya tsaya. Tun ranar na sani, tsoro ne ya hana ni faɗa. Umma, ki yafe min…"

"Yaya, ya isa," in ji Injiniya daga kan kekensa. Muryarsa a dushe take. "Ba ita ta hau tsanin ba. Ni na san doka, ni na saki ƙarfe na kama waya da hannu biyu. In za a raba laifi, a ba ni kasona."

"Na farko ke nan," in ji Yaya. "Na jiya fa? Shi ma kai ka zaro mata wayar?"



Umma ta gyara zama. Ba mace ba ce mai hayaniya, shi ya sa in ta yi magana ba a sake ta.

"Yarinya, na farko ban gani ba, kuma ƙaddara ta riga fata. Na biyun da idona na gani. Ban ce a sake ki ba, wannan tsakaninki da mijinki ne. Amma ɗa namiji ɗaya gare ni, kuma ba zan sake sa shi a hannunki ba. Ki je gida."

"Umma, don Allah…" in ji Injiniya.

"Kai, rufe min baki. Ko ka tashi ka hana ta tafiya in gani."

Maganar ta fita kafin Umma ta auna ta.  Injiniya ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafunsa.

*

Gwaggo ta tarbe ta da murna. "Alhamdu lillahi, sun hutar da mu! Gobe ma in sun aiko da takarda, karɓa za mu yi hannu bibbiyu."

Baba, mahaifinta, tsohon direba ne da ya ajiye aiki, ba mai yawan magana ba. Ya saurari labarin tun daga labule har zuwa tallan turare, bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, "Ba ni wayar." Ya ce ta buɗe masa wurin da ke nuna tsawon lokacin da mutum ke yi a kanta. Ta buɗe. Ya sa tabarau ya duba.

"Sa'a goma sha ɗaya a yini. Ni da nake tuƙin babbar mota, ba a yarda in yi haka a kan sitiyari ba tare da hutu ba. Ke wa kike kaiwa ina?"

Ta fashe da kuka. "Baba, ka riƙe ta. Ba na so in sake ganinta."

Ya jefa ta a aljihun babbar rigarsa.

Kwanakin farko sun yi mata wuya fiye da yadda ta zata. Tana zaune sai ta ji kamar cinyarta tana ƙugi, ta kai hannu, babu komai. Tana cin abinci hannunta na lalube a gefen faranti. Ta ji kunyar kanta. A rana ta huɗu ta shirya tun da sassafe, ta ɗauki mayafi.

"Ina zuwa?" in ji Gwaggo.

"Gidan Umma."

"An kore ki, za ki koma? Ba ki da zuciya ne?"

"Ƙyale ta," in ji Baba daga bakin ƙofa. "Cewa aka yi ta zo gida, ta zo. Ba a ce kada ta je gaisuwa ba."

Umma ta amsa gaisuwar a taƙaice, ba ta ce shigo ba, ba ta ce koma ba. Amarya ta wuce bayan gida, ta tarar da zannuwan gado a jiƙe a baho, ta naɗe hannun riga ta wanke su. Ta share baranda, ta bi layin allin da ya fara gogewa ta sake ja. Kafin Yaya ta dawo daga makaranta ta tafi. Washegari ta dawo. Jibi ma haka. Ɗakin Injiniya Umma ta hana ta shiga, sai ta taga take jin tarinsa. Ƙarfen dogarawa yana jingine a lungu, ƙura ta fara hawa kansa.

Ranar da ta cika kwana takwas tana wannan zirga-zirga, tana shanya ta jiyo muryar Sista daga baranda, a sama.

"Kwana goma sha biyu bai taka ba sai ranar da na zo! Hajiya, na gaya muku lokaci ba ya jira. Dubi cinyar nan, ta fara zama kamar ta yaro."

"Yayarsa tana gwadawa da yamma," in ji Umma. "Shi ne ba ya so. Ya ce a bar shi da keken."

"Ya ce a bar shi? Ina matarsa?"

 Amarya ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta.

Da za ta tafi ranar, Umma ta kira ta a karon farko. "Na ji an ce kin ba babanki wayar."

"E, Umma. Kwana goma sha biyu ke nan ban taɓa ta ba."

"Wannan ba tuba ba ce, gudu ne. Wanda ya bar sata don an kulle ƙofa, ba a san halinsa ba tukuna. Gobe za ki karɓe ta, ko ki sayi wata, duniyar yanzu ba a zama babu ita. Gobe Asabar, yayarsa tana gida. Ki karɓo ta wurin babanki, ki cika ta da caji, ki zo da ita."

*

Da safe aka fito da Injiniya baranda. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Da ya gan ta idonsa ya kawo ruwa, ya yi saurin kawar da kai.

"Ɗan haya," in ji ta a hankali. "Kana nan?"

"Ina zan je?" in ji shi, bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi.

Umma ta karɓi wayar, ta ce Yaya ta kunna ta, ta ƙure mata ƙara. Kwana goma sha uku a kashe, tana kunnuwa ta ɓarke da kuka kamar gidan kaji, saƙo na bin saƙo. Umma ta miƙa wa Amarya.

"Sa ta a aljihunki. Wanda ta saba zama."

"Umma, wannan ganganci ne," in ji Yaya. "Da ƙugunsa za mu yi gwaji?"

"Ke za ki bi ta gefensa, hannunki a kusa. Ni dai ina so in gani da idona, kamar yadda na ga wancan."

Amarya ta ɗaura masa bel. Ta zura yatsunta a maɗaukan biyu, ta damƙe har gaɓoɓinta suka yi fari. Injiniya ya kama ƙarfe, ya ja numfashi, ya miƙe da ƙyar.

"Bismillah. Ɗaya," in ji ta.

Wayar ta yi ƙugi a cinyarta. Biyu. Ta sake yi, sau uku a jere. Amarya ta ji tsikar hannunta na dama ta tashi, kamar hannun yana da ransa dabam. Ta ƙara matse maɗaukin. Uku. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙeya.

"Huɗu. Sannu, Injiniya. Ɗaga, kada ka ja ta."

A taku na biyar, daidai inda ya faɗi wancan karon, ya tsaya cak. 

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Ina riƙe da kai."

"Da hannu nawa?"

Tambayar ta soke ta, amma ba ta ji haushi ba. "Biyu. Ji." Ta ɗan ja bel ɗin ta dama, ta ja ta hagu. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗaga ƙafa. Shida.

Sai kira ya shigo. Ba saƙo ba, kira sosai, da waƙar da ta sa wa lambar Gwaggo, ta cika barandar. Gwaggo ba ta kira da safe sai da dalili. Ko Baba ne ba lafiya? Tunanin ya gilma mata kamar walƙiya. Ta cije leɓe, ta kafe idonta a kan gwiwarsa.

Shi ya sa ta ga abin kafin ya faru. A taku na bakwai gwiwar ta yi rawa, ta karye gaba.

"Yaya!" Umma ta yi ƙara.

Kafin hannun Yaya ya kai, Amarya ta riga ta turje ƙafafunta a siminti, ta ja bel ɗin da duk ƙarfinta zuwa ƙirjinta. Nauyinsa gaba ɗaya ya sauka a hannayenta, ta ji kamar kafaɗunta za su tsinke. Ƙarfen ya yi tangal-tangal ya tsaya. Ya rataya a jikin bel ɗin, ƙugunsa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba.

"Na riƙe ka. Na riƙe ka! Miƙe gwiwar, a hankali."

Wayar tana ta kuka. Kiran ya katse, ya sake shigowa.

Ya miƙe. Ya tsaya yana haki. Yaya ta ce a kawo keke, ya girgiza kai.

"Saura nawa?"

"Uku."

"Mu je."

Takwas. Tara. A na goma yatsun ƙafarsa suka taka layin alli, wayar kuma ta gaji ta yi shiru don kanta. Yaya ta turo keken ya zauna. Sai a lokacin Amarya ta saki bel ɗin, da ƙyar yatsunta suka buɗe. Maɗaukan sun yi mata jan shaida a tafin hannu biyu, na dama har ya ɗan fashe.

Umma ta kamo hannayen, ta juya su, ta daɗe tana kallo. Hawaye ya gangaro mata.

"Je ki kira gwaggonki, kada hankalinta ya tashi," in ji ta. "In kin gama, ki gaya mata a aiko miki da kayanki."

Yaya ta share ido da gefen mayafi, ta yi gyaran murya. "Ni dai ban ce na huce ba. Amma kawo hannun in sa miki magani."

Gwaggo kuwa, da aka kira ta, tambaya take ina aka ajiye murfin babbar tukunya.

Da suka rage su biyu a barandar, Injiniya ya ce, "Akwai saƙon da ban ƙarasa miki ba."

"Don Allah ka bar maganar nan."

"A'a, bari in sauke. Ina kan tsani, ki yi haƙuri, in na sauko zan kira ki." Ya dube ta. "Kuma shuɗin ya fi kyau."

Ta yi dariya tana kuka, ta kifa kanta a hannun keken.

Wata biyar bayan haka ya shiga gidansu da ƙafarsa, da sanda ɗaya, yana ɗan ɗingishi. Bai sake hawa rufi ba. Shago ya buɗe, yana haɗa batura da na'urori a ƙasa, Dogo na hawa sama, kuma duk wanda zai taka tsani a ƙarƙashinsa sai ya ajiye waya a akwati. Amarya ba ta bar kasuwancinta ba, amma ta yanka masa lokaci, sa'a biyu da hantsi, ɗaya da yamma. Sauran yinin wayar tana cikin wani ƙaramin kwando a bakin ƙofar falo, kusa da shuɗin labule. Ba kullum abin ke zuwa da sauƙi ba. Wani lokaci hannun yakan tafi da kansa, sai ta dubi ɗan tabon da ke tafinta ta dawo da shi.

Waya baiwa ce mai amfani, amma in aka sake mata sai ta zama uwar gida, ta ci lokacin mutum, ta ci hankalinsa, wata rana ta nemi cin abin da ba ya mayuwa. Saƙo yana iya jira. Wanda ke kan tsani, ko kan sitiyari, ko wanda ya jingina da kai yana koyon tafiya, shi ne ba ya iya jira. Amarya ta yi kuskure sau biyu, ta kuma yi haƙurin gyara shi ba tare da ta bi zugar masu cewa ta gudu ba, Allah ya mayar mata da mijinta a tsaye. Mahaƙurci mawadaci. In wanda kake ƙauna ya dogara da kai, ka riƙe shi da hannu biyu.